Gyadon 'Yandoto da Yatsan Duna

"…to madalla. Ina gajiyar hanya? Ina ka baro uwarka?"

"Gajiya da sauƙi, tsohuwa. Ai ba daga gida nike ba."

Inno ta ɗaga ido daga kaɗin da take yi a inuwar rumbu. Labbo ne, jikanta, ɗan 'yarta da ke aure a Karakkai ta ƙasar Bungudu. Ya yi sallama ciki-ciki, ya tsaya a bakin zaure ya ƙi ƙarasowa tsakar gida, ga wani ƙunshi a bayansa ya naɗe da gwado ya ɗaure a ƙirji kamar mai goyo.

A shekarun nan ne da ake ta zancen Turawa za su jawo hanyar jirgin ƙasa har Gusau. An gama girbi, an ƙone daji, farauta ta buɗe. Labbo kuwa mafarauci ne da aka sani da jifar kere, sandar nan mai lanƙwasa da ake karya zomo da ita yana cikin gudu. Ita kuma Inno maɗoriya ce, ta gaji ɗori wurin ubanta, duk wanda ya karye a wannan gefen na Gusau gidanta ake kawo shi. Tun Labbo yana rarrafe take kiransa maigida, shi kuma tun da ya yi baki bai taɓa barin maganarta ta faɗi ƙasa ba.

"Maigida, yau kuma tsayuwar ɓarawon kaji ake yi mini? Shigo mana. Mi ka goyo?"

"Kaya ne."

"Kaya ke numfashi?"

"Rago ne na kawo miki. Na gaji da gorin da kike yi mini cewa na aure ki ban taɓa yanka miki ko tattabara ba."

"Allah shi yi wa miji albarka. Juyo in ga ragon."

Labbo ya ɗan juya, rabi da rabi.

"Labbo, haƙorana sun zube, amma idona yana nan. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin rago mai naɗaɗɗiyar wutsiya tana kaɗawa ba."

Ba yadda zai yi. Ya durƙusa ya kwance gwadon, baƙin karensa Duna ya zamo ƙasa, ya tsaya da ƙafa uku. Ta gaba ta dama a ɗage take, dagin ya kumbura suntum, yatsan gefe ya karkace waje.

Abin da ya faru kuwa, babbar farauta aka yi a dajin 'Yandoto, gindin duwatsun Tsafe. Zomo ya tashi a gaban Labbo, Duna ya rufa masa baya, Labbo ya saki kere da dukan ƙarfinsa. Zomo ya karkace, kere ya sami Duna a dagi. Ba wanda ya gani, ciyawar da wuta ta bari ta rufe su. Da abokan farauta suka iso suka tarar kare yana birgima yana kuka, bakin Labbo ya riga hankalinsa, ya ce gyado ne, mugun alade na dawa. Kafin rana ta karkata makaɗin mafarauta ya sa Duna a kirari, wai karen da ya tare gyado shi kaɗai. Ana ta dafa kafaɗar Labbo ana yi masa barka, shi kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sulale ya bar su. Wasu fatake masu jakunan auduga suka taimaka suka ɗora masa karen har bakin Gusau, daga nan ya naɗe shi ya goya, don kada wani ɗan garinsu ya gan shi.

Inno ta ajiye mazari, ta tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Kare ka goyo? Da gemunka? Ka ratso gari da kare a baya? Ashe haihuwa ka yi ba ka aiko mini ba. Yaushe ne suna?"

"Sunanki za a sa masa, tun da kun yi kama wajen baki."

"Shi ya fi ka kyau dai, ko ba komi ba shi da hancin nan naku na dangin ubanka. Mi ya same shi?"

Labbo ya dubi katanga. "Gyado ne."

"Gyado!"

"A dajin 'Yandoto. Shi kaɗai ya tare shi."

"Ikon Allah. Babba ne?"

"Ƙato."

"Ya kai jaki?"

"Ya kusa."

"Haƙoransa fa?"

"Kamar lauje, tsohuwa. In kin gan shi sai kin haɗiye goron da ke bakinki."

"Kai, wanga gyado ɗan mutunci ne. Ga haƙora kamar lauje, bai farke ciki ba, bai yagi fata ba, ko ɗigon jini babu. Ya ajiye haƙoran a gefe, ya lalubi yatsa guda ya ƙwanƙwasa, ya ce a gai da mutanen Karakkai."

"Taka shi ya yi."

"Da takalmi ko ba takalmi?"

"Ke dai ba ki taɓa shiga daji ba. Iyakarki bakin gulbi, nan ma sai an riƙe miki hannu."

"Ni da na haifi wadda ta haife ka? Ina shiga daji itace kana ina?"

Labbo ya shafa kan Duna. Duk ranar da suka haɗu shi ke ƙure ta, amma yau harshensa ya yi nauyi, kowace magana sai ya jawo ta da ƙyar. Ya sassauta murya.

"Inno, ɗora mini shi za ki yi."

"In yi mi?"

"Ɗori. Yatsa ne kawai."

Ta miƙo hannayenta biyu, ta juya su gaba da baya. "Dube su da kyau. Hannun nan ya ɗora ƙafar liman. Ya ɗora ƙugun mai jego da ta faɗo daga kan rumbu. Yau shi zan sa a dagin kare? In aka ji, wa zai sake kawo mini ƙafarsa? Su ce ga tsohuwar da ke gama su da karnuka. Kai shi wurin mahauta."

"Mahauta yanka suka iya."

"To kai shi wurin gyadon, shi da ya karya shi ɗora."

Ba ta rufe baki ba wata kaza ta fito daga akurki da 'ya'yanta. Duna, da tun yana ɗan kwikwiyo bai san zama ba, ya miƙe kunne. Kafin Labbo ya kai hannu, ya zabura da ƙafa uku. Kaza ta yi sama, 'yan tsaki suka watse, taskirar audugar Inno ta kife, mazari ya gangara ƙarƙashin rumbu. Karen ya manta da ciwo ya dira a kan dagin, ya ƙwala ƙara, amma bai fasa ba, ya sake bin kazar bayan turmi.

"Kajina! Labbo, kajina! Wanga shi ne majinyacin? Wanga aljani?"

"Duna! Kai, Duna!"

Labbo ya zaro kere daga ɗamararsa, ba don duka ba, don ya tare masa hanya kawai. Ya ɗaga shi sama.

Nan take karen ya tsaya cak. Ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya ja ciki a ƙasa yana kyarma har ya shige bayan Inno, ya ɓoye kai a gefen zanenta. Karen da in ya ga an zaro kere yakan yi ta tsalle yana haushin murna, don ya san daji za a shiga.

Hannun Labbo ya sauko a hankali. Inno ta dubi karen, ta dubi sandar, ta dubi jikanta.

"Ashe tare da gyadon kuka zo," in ji ta. "Ga shi nan a hannunka."

Labbo ya jingina keren a bayan rumbu inda karen ba zai gan shi ba, ya dawo ya tsuguna, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke.

"Zomo na jefa," ya ce da ƙyar. "Ya karkace."

"Zomon ko hannun?"

"Inno."

"A'a, tambaya nike. Sarkin jifa na Karakkai, wanda aka ce ko ƙuda ya gitta sai ya karya masa fiffike. Yanzu zomon yana can yana ba 'ya'yansa labari, suna ta dariya har da riƙe ciki."

"Ki faɗi duk abin da kike so. Yau ba ni da baki."

"Kai ba ka da baki? Bari in fita in duba ko rana ta fito daga yamma."

Ya ɗago, idonsa ya kaɗa. "Ba jifar ce ta fi ci mini rai ba. Sun sa shi a kirari, tsohuwa. Makaɗi yana kiɗa, ana yi mini barka, ni kuwa ina tsaye ina amsawa. Kuma kin ga yadda ya guje ni. Karen da na raina da kunu a tafin hannuna. Duk naman da ya shiga tukunyar uwata da rani, shi ya kamo rabinsa. In ya gurgunce, ni na gurgunta shi."

Inno ta tauna goronta da dasashi. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Rufe mini ƙofar zaure, ka sa mata itace. In wani ya yi sallama ka ce ina wanka."

Ta shiga ɗaki ta fito da kaskon man kaɗe, da tsumman saƙi, da 'yan siraran ɓawon kara da ta saƙa kamar ƙaramar asabari, irin wadda take ɗora wa yatsun yara.

"Ɗaure masa baki da igiyar ramar can. Ba da ƙarfi ba, kai, ba akuya za ka kai kasuwa ba. Yauwa. Zauna ka rungume shi, kansa a hammatarka. In ya cije ni, kai zan rama a kanka."

"Da wane haƙorin?"

"Au, bakin ya dawo?"

Labbo ya rungume karen. Yana jin zuciyar Duna tana bugawa a jikin haƙarƙarinsa. Inno ta yi bisimilla, ta shafa man kaɗe, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsanta, tana lalube a hankali, idonta a rufe.

"Guda ne ya karye, na gefe. Sauran bugu ne. Ka yi sa'a hannunka ba shi da ƙarfi."

"Ɗazu kin ce ban iya saiti ba, yanzu kuma ƙarfi."

"Duka biyun. Riƙe shi."

Ta ja yatsan ta miƙar. Karen ya yi wani kuka ta hanci, ya banƙare, ya yi fitsari a cinyar Labbo. Labbo ya runtse ido ya ƙanƙame shi yana cewa, "Yi haƙuri, Duna, yi haƙuri, ni ne, ni ne."

"Ya san kai ne, shi ya sa ya yi maka wanka."

Ta tsinko auduga daga wadda ta zube, ta cusa tsakanin yatsun don kada su goge juna su yi gyambo. Ta haɗa karyayyen da na kusa da shi, ta naɗa 'yar asabarin, ta bi da tsumma tun daga dagi har sama da gaɓa, ta bar bakin akaifu, wato faratan karen, a waje.

"Ka ga akaifun nan da na bari? Kullum ka duba su. In ka ga yatsun sun buɗe sun kumbura, ko ka taɓa ka ji sanyi, ɗaurin ya matse, ka kwance ka sassauta. In ka ji wari, ka kwance ka wanke da ruwan ɗumi ka sake tsumma. Kada ruwa shi taɓa shi. In za ku ƙetare gulbi, a wuya za ka ɗauke shi."

"Na ji."

"Ba ka ji ba tukuna. Turke za ka kafa masa a ɗaki, da gajeruwar igiya, inda ba ya ganin kaza, ba ya ganin ƙadangare. In zai yi bayan gida ka fita da shi a igiya, taku-taku, kamar kana rakiyar amarya. Ba gudu, ba tsalle, har watan nan shi mutu, wani shi tsaya shi tsufa."

Labbo ya zaro ido. "Inno, ai kafin nan farauta ta ƙare! Wanga karen ko barci yake ƙafafunsa gudu suke yi."

"To ka zaɓa. Ko ka rasa farautar bana, ko ka rasa ta kowace shekara. Kuma in ka ji gangar mafarauta, kai ma ba za ka tafi ba. In ka tafi ka bar shi, zai tsinke igiya ya bi sawunka, aikina ya lalace."

"In zauna gida ina jinyar kare, maza suna daji? Mi zan ce musu?"

"Ka ce jego kake."

Suka kwance wa karen baki. Ko numfashi bai gama saukewa ba ya kai haƙori kan tsumman ya fara ja.

"Kai! Bari!"

"Ka gani? Halin gidanku ne, ba ku barin abin kirki shi zauna." Ta ɗauko jiƙon maɗaci ta shafe bayan ɗaurin da shi. Duna ya lasa, ya yamutsa fuska, ya yi atishawa, sannan ya koma ya ci gaba da ja.

"Ko ɗacin bai dame shi ba," in ji Labbo.

"Ya saba da tuwon gidanku."

Ta waiga, ta hango wata tsohuwar ƙwarya mai faɗi da gindinta ya fashe. Ta sa wuƙa ta zagaye fashewar ta yi rami, ta naɗe bakin ramin da tsumma, ta zura kan karen a ciki, ta ɗaure da zare a wuya. Kan Duna ya fito a tsakiyar ƙwarya kamar an zuba shi a ciki za a kai wa baƙo. Ya juya hagu, ya juya dama, ya kai baki ga ƙafa, ƙwarya ta tokare. Ya yi baya-baya ya buge turmi, ya zauna daɓas yana kallon Labbo.

Labbo ya dafe kai da hannu biyu.

"Haka zan shiga Karakkai da shi? Karen da ake yi wa kirari? Da ƙwarya a wuya?"

"Sai ka ce rawani aka naɗa masa, sarautar gyado."

"Wallahi yara za su bi mu har gida."

"Su bi. Kai ka fara ƙarya, ƙwarya ta ƙarasa." Ta zauna tana wanke hannu da toka, ta wanke ta sake wankewa. "Ka ji ni, maigida. Kafin makaɗin nan shi kai kirarin kasuwar Bungudu, ka je ka sami manyanku ka faɗa musu da bakinka. Za su yi maka dariya har damina. Ka bar su su yi. In ka bari suka gano da kansu, ko gaskiya ka faɗa nan gaba ba mai saye."

Labbo ya gyaɗa kai. "Zan faɗa," ya ce. "Amma ni zan faɗa. Ke kada in ji ta a bakin rijiya."

"Ni? Labari mai daɗi haka in bar shi shi ruɓe a cikina? Gobe da hantsi duk matan unguwar nan sun ji. Har muryar zomon zan kwaikwaya."

"To shi ke nan." Ya miƙe yana kakkaɓe wando, wani ɗan murmushi ya fara dawo masa. "Ni kuma kafin in bar Gusau zan tsaya tsakiyar kasuwa in yi shela. In ce jama'a, duk mai karyayyen kare, ko kyanwa, ko biri, shi kai gidan Inno. Da hannun da ta ɗora liman, da shi take yi. Ga shaida a bayana da ƙwaryarta a wuya, kowa ya san zanen ƙwaryar gidan nan."

Inno ta tsaya da hannu cikin ruwa, baki buɗe.

"Ɗan banza! Ni za ka tona? Bayan na rufe ƙofa na yi maka aiki?"

"Har liman zan je in gaishe shi, in tambaye shi ya ƙafa, in ce abokin jinyarsa yana gaishe shi."

Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da tari, tana dukan cinya, hawaye yana bin tamojin fuskarta.

"Ka ci, ka ci, ja'iri! Bakina alaikum. Ban ga kare ba, ban ga zomo ba. Allah shi isa tsakanina da ranar da na yarda na aure ka."

Ta shiga ɗaki tana sauran dariya. Ya ji tana buɗe tukwane, sannan ta fito da wani ƙunshin ganye, ta warware. Kilishi ne, ja wur da yaji, wani da ta ɗora wa kafaɗa ya kawo mata, ita kuwa ba abin taunawa.

"Ungo. Ka kakkaɓe yajin tukuna. Kaɗan-kaɗan za ka riƙa ba shi, safe da yamma, kuma kada ka jefa masa a ƙasa. A tafinka zai ci. Hannun da ya yi jifar, da shi za ka ba shi."

Labbo ya tsuguna, ya yagi ɗan guntu, ya goge a gwiwa, ya miƙa hannun dama cikin ƙwaryar. Duna ya ja baya kaɗan, ya shinshina, ya dubi fuskarsa. Sannan ya miƙo wuya ya ɗauka a hankali, wutsiyarsa ta bugi ƙasa.

Labbo ya juyar da fuska gefe ya share ido da kafaɗa. Da ya juyo sai ya ɗaga sauran kilishin yana shinshinawa.

"To ni fa, amarya? Tun jiya ban sa komi a cikina ba."

"Duk nashi ne," in ji Inno, tana laluben mazarinta a ƙarƙashin rumbu. "Kai ka lashi yatsunka. Naka ai lafiyarsu lau."